Daga wace shekara ake fara ƙirga shekarun coci?

Tambaya: Wani matashi da ke aiki a Sabon Gari, wanda asalinsa ɗan wani ƙaramin gari ne a kudancin Kano, ya aiko mini da wannan saƙo: "Baba, barka da hutawa. An naɗa ni sakataren kwamitin da zai shirya bikin cikar cocinmu na Katolika shekara hamsin, aka kuma ɗora mini rubuta tarihinsa a ɗan littafi. Matsalar ita ce dattawa sun kasa haɗuwa a kan shekarar da aka kafa shi. Wasu sun ce tun kafin yaƙin basasa ne, wasu sun ce shekarar canjin kuɗi, ga kuma wata shekarar daban da aka zana a jikin simintin bakin ƙofa. Ban da haka, ana maganar rushe tsohon ginin ƙasa domin a faɗaɗa fili. Ta ina zan fara, kuma me ya cancanci a adana?"

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalinka game da saɓanin dattawa, domin mai yiwuwa ne babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Na daɗe ina koyar da tarihi a nan Kano, na kuma zauna da kwamitoci irin naku ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum abin da nake tararwa shi ne mutane suna gardama a kan ranaku uku dabam-dabam alhali kowa yana zaton a kan rana ɗaya ake magana. Akwai ranar da mutane suka fara taruwa don addu'a, wataƙila a gindin wata tsamiya ko a zauren wani magidanci, tare da katikis, wato malamin da ke koyar da addini a madadin firist, wanda ke zuwa a kan keke. Akwai ranar da aka gama gini aka sa masa albarka, wadda galibi ita ce magini yake zanawa da tsinke a jikin ɗanyen siminti. Sannan akwai ranar da bishop ya ɗaga wurin daga matsayin reshe ya mai da shi farish mai cin gashin kansa da firist mazauni, domin a dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983, sashe na 515, bishop na dayosis, wato yankin da bishop yake shugabanta, shi ne kaɗai yake da ikon kafa farish ko soke shi ko sauya iyakarsa. Tsakanin ta farko da ta uku ana iya samun shekara ashirin ko fiye.

Kafin ka taɓa kowace takarda, ya kamata ka san inda garinku ya faɗo a cikin babban labarin. A 1711 wasu firistoci biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, waɗanda suka ratso hamada daga Tarabulus ta Libiya, sun rasu a Katsina ba tare da sun bar wata jama'a a bayansu ba, saboda haka ba daga nan zaren ya taso ba. Zaren da ya iso gare ku ya biyo ta hannun ƙungiyar mishan ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, ta buɗe tasha a Lokoja a 1884, sannan ta kafa ta Shendam a 1907. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi saboda alkawarin da ta yi cewa ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Abin da ya kawo cocin Katolika Kano shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, da kuma Sabon Gari da aka yanka wa baƙi jim kaɗan bayan haka. Akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu su ne suka fara cika kujerun, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar coci a matsayin abin baƙi, ko da yake makarantun mishan, irin wadda sistocin St. Louis suka kafa bayan isowarsu Kano a 1948, sun yaye 'ya'yan mutane da yawa daga kowane ɓangare.

Wannan ya sa ƙananan cocin da ke wajen birni suka kasu kusan gida biyu. Akwai waɗanda suka tsiro a garuruwan tasha da na cinikin gyaɗa, musamman a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, inda 'yan Kudu kaɗan suke haɗuwa ranar Lahadi, Fada kuma, wato firist, ya riƙa leƙo su jifa-jifa. Akwai kuma waɗanda suka tsiro a cikin Maguzawa, wato Hausawan karkara da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda akwai su da dama a kudanci da yammacin Kano. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 sun kwashe yawancin 'yan Kudu, har wasu majami'u suka zama kufai na ɗan lokaci, kuma a shekarun da suka biyo baya ne aiki a cikin ƙauyukan Hausawa ya ƙara ƙarfi. To ka ga idan garinku ya haɗa duka biyun, dattijon da ya ce tun kafin yaƙi yana tuna cocin baƙi ne, wanda ya ce shekarar canjin kuɗi kuma, wato 1973, yana tuna lokacin da 'yan gari suka karɓi abin ya zama nasu. Ni a ganina wannan sauyin hannu shi ne babi mafi daɗi a littafinka, kada ka binne shi don neman shekara guda da za a buga a jikin atamfar biki.

Wani abu da ke ɓatar da masu bincike shi ne neman takarda a inda ba ta. Kano ba ta zama yanki mai zaman kansa a tsarin Katolika ba sai 1991, aka ƙara mata matsayi a 1995, sannan ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, wanda Bishop John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Kafin 1991 ƙasar Kano tana ƙarƙashin Kaduna ne, wadda aka yanka a 1934, ta zama dayosis a 1953, ta zama babbar dayosis a 1959. Duk wata takardar izini ko ta sa albarka da aka rubuta shekara hamsin da suka wuce, daga Kaduna ta fito, a zamanin Akbishop John McCarthy ko Akbishop Peter Jatau wanda ya karɓa a 1975. Ka fara da sakatariyar dayosis a nan Kano, da takardar gabatarwa daga Fadanku, amma kada ka yi mamaki idan aka ce maka sai ka dangana da Kaduna. Doka ta tanadi cewa idan aka keɓe ko aka sa wa coci albarka a rubuta shaida kofi biyu, ɗaya a ofishin bishop, ɗaya a ma'ajiyar cocin kansa, don haka idan na gida ya ɓace akwai fatan samun ɗayan.

Amma babbar taskarka ita ce rajistar baftisma, kuma a nan zan ɗan daɗe. Tun Majalisar Tirento, wani babban taron shugabannin Ikilisiyar Katolika, a 1563 aka wajabta wa kowane farish ajiye littafin baftisma da na aure, daga baya aka ƙara na mamata da na tabbatarwa, wato hidimar ƙarfafa bangaskiya da ake yi wa mutum bayan baftisma, kuma sashe na 535 na dokar yanzu ya sake jaddada haka, har ya ce a kula da tsofaffin littattafan da kyau. Littafin yana da gidaje a jere: lamba, sunan wanda aka yi wa baftisma, ranar haihuwarsa, ranar baftisma, sunan uba da na uwa, garinsu, sunan uban baftisma ko uwar baftisma, sa hannun firist, sai gida na ƙarshe inda ake ƙara bayani idan mutum ya karɓi tabbatarwa ko ya yi aure. Ka lura cewa reshe ba ya ajiye rajistar kansa, saboda haka mutanen farko na garinku ba za ka same su a littafin farish ɗinku ba. Suna cikin littafin uwar cocin da Fada yake tasowa daga can, wanda zai iya zama na wani gari maƙwabci, ko ma na babban cocin Fatima da ke nan cikin Kano. Ranar da sunan garinku ya fara bayyana a gidan "gari" na wancan littafin ita ce shaida rubutacciya mafi tsufa da za ka samu, shafin farko na littafinku na gida kuma zai nuna maka, ko da babu wata takarda, lokacin da kuka zama farish.

Na taɓa zuwa wani farish, ba zan faɗi sunansa ba, aka yi ta neman littafin farko har aka fid da rai, sai mai shara ya tuna da wata adaka a ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhunan masarar godiyar kaka. Da muka buɗe, gara ta cinye gindin shafukan kamar an yanke da almakashi, layi biyu ko uku na ƙasa sun tafi a kowane shafi, amma abin da ya saura ya ishe mu. Rubutun wani Fada ɗan ƙasar Ailan ne da shuɗin tawada, sunayen baftisma da harshen Latin, Petrus a maimakon Bitrus, Joannes a maimakon Yohanna, sunayen iyaye kuma kamar yadda kunnensa ya jiyo masa su, Nomau da Bawa da Shekarau da Tanko, babu ƙugiya a kan ko harafi ɗaya. Sunan ƙauye guda ya rubuta shi iri uku a shafi biyu, har muka zaci ƙauyuka uku ne, sai da wata tsohuwa ta sa muka karanta mata da ƙarfi, ta yi dariya ta ce duk garinsu ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gidan iyayen baftisma, inda suna biyu suka yi ta maimaituwa shafi bayan shafi, na namiji ga maza, na mace ga mata. Katikis ne da matarsa. A allon da ke rataye a ofis an jera sunayen firistoci tun daga na farko, amma waɗannan mutum biyu da suka tsaya wa kusan duk wanda aka yi wa baftisma a shekarun farko babu inda aka rubuta su.

Idan ka iya karanta rajista, za ta gaya maka abin da ba a rubuta a cikinta ba. Baftismar manya masu yawa a rana guda, musamman a daren Ista, alama ce ta jama'ar da ke shigowa sabuwa, ranar da jarirai suka fara rinjayar manya kuma alama ce cewa bangaskiyar ta zauna a gidaje har ana haihuwa a cikinta. Sa hannun da ke gefe zai ba ka jerin firistoci da tsawon zaman kowannensu fiye da yadda ƙwaƙwalwar kowa za ta ba ka. Watannin da babu ko baftisma ɗaya sau da yawa damina ce, lokacin da rafi ke yanke hanya babur ɗin Fada ya kasa wucewa, amma idan giɓin ya kai shekara sai ka tambayi abin da ya faru. Sai dai rajista tana da makanta guda da ya kamata ka sani: magidancin da yake da mata fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma sai ya daidaita al'amarin aurensa, saboda haka akwai dattawan da suka ba da fili, suka yi aikin gayya, suka yi shekaru suna zama a bencin baya suna sauraron wa'azi, amma sunansu bai shiga littafi ba sai a gadon mutuwa, ko ma bai shiga ba sam. Wanda ya dogara ga takarda kaɗai zai share su daga tarihi.

Shi ya sa dole ka koma ga bakin mutane, kuma ka gaggauta, domin masu shekara saba'in da tamanin ba jiranka za su yi ba. Kada ka tara su a zaure ɗaya, don mai babbar murya ko mai muƙami shi zai rinjayi sauran, kowa ya koma yana cewa haka ne. Ka bi su gida-gida da ɗan goronka, ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, kuma kada ka tambayi tsohuwa wace shekara ce, ka tambaye ta wane ɗa take goyo a lokacin, sannan ka nemo katin baftismar ɗan. Mutanenmu da abin da ya faru suke ƙirga lokaci, kai kuma aikinka shi ne ka mai da shi lamba: hawan Sarki Ado Bayero 1963, canjin hannu a tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973, babban fari a wannan tsakanin, kisan Janar Murtala 1976, soke haraji da jangali a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, zuwan Paparoma John Paul na Biyu Kaduna a 1982. Idan littafin baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa a coci, ya nuna sule da sisi, mai yiwuwa kafin 1973 ne ko da babu kwanan wata. Ka ba 'yan Zumuntar Mata lokaci na musamman, domin su ne suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, kuma sau da yawa a cikin waƙoƙinsu ake samun sunayen da maza suka manta. Kada kuma ka tsallake gidan dagaci da maƙwabta Musulmi. Wani ne ya ba da filin, wani ya sa baki aka bari, wataƙila wani ya ƙi, kuma zuriyarsu suna da nasu labarin, wanda zai iya bambanta da naku ba tare da ya zama ƙarya ba.

Game da manyan ma'ajiyoyi, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa, inda ake samun takardun neman izinin fili da na buɗe makaranta, Arewa House ma, cibiyar binciken tarihin Arewa, tana nan kusa da shi. Firistocin SMA na Ailan suna da ma'ajiyarsu a birnin Kork, kuma wasiƙa ta imel da sunan gari da kimanin shekaru ba za ta ci maka komai ba. Amma ga coci mai shekara hamsin, waɗannan ƙari ne kawai.

Maganar rushe tsohon gini kuwa, ra'ayina a fili yake: kada ku rushe. Da farko ma ba hurumin kwamiti ba ne shi kaɗai, domin ginin da aka keɓe don sujada ba a sauya masa aiki sai da yardar bishop. Bayan wannan, ginin ƙasa ba abin kunya ba ne. Wanda ya je Wusasa ta Zariya ya ga cocin St. Bartholomew na 'yan Anglika, wanda aka gina a 1929 da tubali bisa fasahar maginan Hausa, zai gane cewa irin wannan gini shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa masu sujada a cikinsa 'yan ƙasa ne. Mu a Kano mun ga yadda aka sauya wasu ƙofofin ganuwa da na siminti saboda faɗaɗa titi, kuma duk kyan sabon, wanda ya san na da ya san an yi rashi. Abin da ke kashe ginin ƙasa abu biyu ne, ruwa daga sama da ruwa daga ƙasa. Ku gyara rufi da indararo, ku janye ruwan da ke kwanciya a gindin bango, ku nemo maginin gargajiya ya duba azara ya sabunta yaɓe. Kada ku yarda a shafe shi da siminti da sunan gyara, don siminti ba ya kama ƙasa, yana rufe danshi a ciki ne, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da fatar za ta ɓalle gaba ɗaya. Ginin zai iya zama ajin katikizim ko ɗakin addu'a na ranakun mako. Idan kuma masana suka tabbatar ya zama haɗari ga rai, to kafin a sa masa diga a auna tsawo da faɗi, a zana fasalinsa, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a cire ƙofa da gicciye da guntun simintin da ke ɗauke da shekarar nan a ajiye.

Kayan tarihi kuma ba sai na zinariya ba. A ƙauyuka da yawa ƙararrawar farko tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya ana bugawa da guntun rodi, kuma na ga inda aka sayar da irinsa ga 'yan gwangwan mako guda bayan an sayo lasifika. Haka nan keken katikis, da fitilar ƙwai, da ganga da tulun da mata ke kaɗawa, da akwatin da Fada yake zuwa da kayan Mas, wato babbar sujadar Katolika, a ciki, da tsofaffin littattafan addu'a da na waƙa. Waɗannan na ƙarshe suna da daraja ta musamman, domin sai bayan da Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofar amfani da harsunan gida a 1963 ne Hausa ta samu cikakken wuri a cikin Mas, kuma littattafan farko da aka buga ko aka juya da injin hannu suna nuna yadda aka yi ta laluben kalmomin da kuke furtawa yau ba tare da tunani ba. Ku rubuta jerin duk abin da kuka samu, da wanda ya ba da shi da abin da aka sani game da shi, kofi ɗaya a farish, ɗaya a dayosis. Takardu kuma a ɗaga su daga ƙasa, a sa su a kabad na ƙarfe nesa da bangon da ke jiƙa, kada a manna musu salatif, kada a kai su shagon da za a narka musu leda. Hoton kowane shafi da waya a hasken rana, a ajiye a wuri biyu, ya fi wannan duka amfani.

Sai ka yi hattara da abin da za ka buga. Rajista tana ɗauke da sirrin gidaje, wanda aka haifa kafin aure, da auren da aka gyara daga baya, kuma ba don jama'a su karanta aka rubuta ta ba. Ka ɗauki ƙididdiga da ranaku da sunayen waɗanda iyalansu suka yarda, sauran ka bar su inda suke. Yawancin littattafan irin wannan biki da suke zuwa hannuna kashi uku cikin huɗu saƙonnin taya murna ne da hotunan masu ba da gudummawa, tarihin kuma shafi biyu da Turanci wanda tsofaffin da suka yi aikin ba za su iya karantawa ba. Ka rubuta naka da Hausa, ko da za a sa fassarar Turanci a gefe, ka jera sunayen katikis-katikis kamar yadda za ka jera na firistoci, inda kuma baki biyu suka saɓa ka kawo duka biyun ka faɗi wanda ya gaya maka kowanne.

Dangane da shekarar da za a ƙirga hamsin daga gare ta, ku zaɓi wadda kuke da takarda a kanta, ku kuma faɗa ƙarara a bangon littafin ko hamsin ɗin ta mene ce, ta gini ce ko ta zama farish. Sauran ranakun biyu su shiga shafin farko da bayaninsu. Idan bincike ya nuna cewa addu'ar farko a gindin bishiya ta riga ta haura shekara sittin, sai ka sanar da Fada da kwamiti tun kafin a kai zanen atamfa Kantin Kwari.